Matar da Muka Tarar a Gaba Biyu

Ku da kuka tashi kuka ga mota tana zuwa da injinta, ta huda ƙasa kwana biyu ruwa ya yi tsartuwa, kun ɗauka haƙar rijiya tona rami ne kawai. Wani saurayi ya taɓa ce mini, a gaban mutane kuwa, wai ai ko gafiya ta iya wannan sana'a. Na yi dariya, na ce masa gafiya ba wanda yake tsaye a bakin raminta da tulu yana jira. Shekara talatin da wani abu na yi ina shiga ƙasa da safe ina fitowa da la'asar, daga Gumel zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa ƙauyukan Sule Tankarkar. Sunana Usaini, amma a garuruwan nan Mai Rijiya aka fi sani.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai dagi mai gajeriyar ƙota, don doguwar ƙota ba ta juyuwa a cikin rami. Akwai ƙaramar diga, da bokitin ƙarfe na fitar da ƙasa, da gwafa biyu da ake kafawa a baki a ɗora sanda a rataya kura, wato ƙarfen da igiya ke bi ta kansa, sai igiyar kanta. Igiya ita ce ranka, kowace safiya sai ka bi ta da hannu daga farko har ƙarshe kafin ka yarda ka ɗaura ta a ƙugu. Muna awo da gaba, wato tsawon hannu biyu idan mutum ya buɗe su. Ƙasarmu ta arewa rairayi ce, ba ta tsayawa da kanta, saboda haka idan ka tona gaba guda sai ka kafa mazubin ƙarfe ka zuba kankare, ka bari ya kama, sannan ka ci gaba. Wanda ya yi gaggawa ya tona gaba biyu bai zuba ba, to ya ba rairayi dama, kuma rairayi ba ya gargaɗi. Idan aka yi nisa, kafin mutum ya shiga sai a zura fitila. In ta mutu a hanya, ranar ba mai shiga sai an kaɗa iska da buhu.

A hannun Baba Ɗanjuma na koya, Allah ya jiƙansa. Mutumin kudancin Kano ne, ƙasar laka, neman aiki ya kawo shi wajenmu ya zauna. Shekara biyu cur na yi ina jan igiya bai bar ni na leƙa ciki ba. Duk bokitin da ya fito sai ya ce in damƙi ƙasar, in shinshina, wani lokaci har in ɗanɗana, in gaya masa abin da ke tafe. In na yi kuskure ba ya duka, sai dai ya ce, "Usaini, hancin nan naka ado ne?" Wannan ya fi mini bulala ciwo.

A wurinsa na gane ƙasa tana da baki. Bayan rairayin sama, sau da yawa sai ka tarar da toka, da tsingaron tukwane, da dutsen niƙa da ya lotse saboda aiki. Abin da ya riƙa ba ni dariya shi ne, kusan kowane gari na shiga, dattawansa za su ce maka kakanninsu daga gabas suka zo, suka tarar da daji ba kowa sai namun dawa, suka sare suka zauna. Ni kuma ina can ƙasan ƙafarsu ina fitar da murhun wasu. Ban taɓa musu da kowa ba, don ni ruwa aka ɗauke ni in nemo.

Baba Ɗanjuma yana da doka guda a kan ƙashin mutum. Ya ce idan ka ci karo da shi, kada ka ɗaga murya. Ka tattara shi da bismillah a cikin buhu, ka sa a ƙasan bokiti ka rufe da ƙasa, na sama ya karɓa ya tona masa wuri a inda ake zuba ƙasar haƙa. Kullum ana ƙara ƙasa a kai, kafin a gama aiki ya samu kabarin da ya fi na sarki tudu. Ya ce mutane ba sa shan ruwan da suka san an ɗauke gawa a kansa, ko da ruwan yana gaba talatin a ƙasa. Sau biyu na ga an yi haka a zamaninsa, kuma har yau garuruwan suna shan ruwansu lafiya.

Muguwar shekarata ta zo ne bayan an ba mu jihar Jigawa da 'yan shekaru. Damina biyu ta yi ƙaranci, ruwan ƙasa ya gudu. Na haƙa rijiya uku a jere, ɗaya a wajen Gagarawa, biyu a wajen Maigatari, duka na kai inda ya kamata a samu ruwa na tarar da busasshiyar ƙasa. Mutane ba sa cewa ruwa ne ya ja baya, cewa suke hannun mai haƙa ya bushe. Na shiga kasuwar Gumel na ji ana nuna ni da baki. Waɗanda da suke aiko mini da goro tun kafin kaka suka koma neman wani. Na ji kunya ƙwarai a shekarar nan, har na fara tunanin komawa gona gaba ɗaya.

Ana cikin haka aka kira ni wani ƙauye arewa da Ɗanzomo, ba zan faɗi sunansa ba. Tsohuwar rijiyarsu ta rufta, matan garin suna tafiyar fiye da awa guda zuwa wani gari ɗibar ruwa, su dawo rana ta take. Sun haɗa ƙarfi sun sayi sumunti, wanda ba zai ishi rijiya biyu ba, kuma damina saura wata biyu da 'yan kwanaki. Bulama, wato mai garin, dogon mutum mai ji da asalinsa, ya ce mini, "Mai Rijiya, mun ji labarin ukun nan. Ba don mun rasa ji muka kira ka ba, sauran duk an ɗauke su ne." Na ce na gode da gaskiya. Na yi kwana uku ina zaga garin, na zaɓi wani kwari a gindin tudu, inda gawo da sabara suka fi kore.

Abokin aikina Sale ne, sa'ana, mutumin tsallaken iyaka wajen Damagaram, shi ke riƙe mini igiya shekara goma sha wani abu. A kwana na biyar, ina gaba biyu, dagi ya taɓa wani abu da ba dutse ba. Na ajiye shi na bi da yatsu. Mutum ne kwance a gefensa, an naɗe masa gwiwoyi zuwa ƙirji, ba yadda muke kwantar da mamaci ba. Ƙashin ya yi ja kamar ƙasar da yake ciki, wasu suna narkewa a hannu. Wajen ƙugu akwai ƙananan duwatsun ado masu huda a jere, igiyarsu ta daɗe da ruɓewa, ga wata 'yar tukunya kusa da kai, an yi mata zane a wuya. Haƙoran suna nan reras.

Na zauna a cikin ramin ina lissafi. Da na yi magana ranar, gaba biyu kawai za a yi asara. Amma wannan kwarin ne kaɗai na yarda da shi a duk garin, kuma na san in labari ya fita ba wanda zai bar ni in sake sa dagi ko kusa da shi. Na girgiza igiya, na ce wa Sale a hankali ya jefo buhu. Ya gane, bai tambaye ni komai ba. Muka yi yadda Baba Ɗanjuma ya koyar.

Mako bakwai muka yi. A gaba goma sha huɗu muka shiga wata jar laka mai danƙo, irin da ban taɓa ganin mai kyanta a ƙasar nan ba, muka yi kwanaki muna fitar da ita. A gaba ashirin da shida ƙasa ta fara sanyi a tafin ƙafata. Washegari da hantsi na soka dagi, na zare, ruwa ya biyo shi yana ɓulɓulowa. Na ɗanɗana, garɗi kamar na randa. Na yi kabbara a can ƙasa, na ji mata suna guɗa a sama.

Ga inda na yi wauta. Dokar Baba Ɗanjuma dokar ƙasar laka ce, inda ba mai kallon tulin ƙasar rijiya sau biyu. A garin rairayi kuwa, jar laka dukiya ce. Tun muna haƙa mutane suka fara ɗiba da kwando, wannan zai yaɓe rumbu, wancan zai gyara katanga, har aka yanke shawarar a buga tubalin gyaran masallaci da ita. Ina can ƙasa kullum, ban lura da yadda tulin yake raguwa ba. Kwana biyu da samun ruwa, muna jiran ya kwanta a fara sha, masu buga tubali suka kai ƙasan tulin, fartanya ta jawo buhu.

Kafin azahar gari ya ɗauka. Aka kira ni gindin tsamiyar ƙofar Bulama, ga buhun a tsakiya an buɗe, maza sun kewaye shi, mata suna daga baya. Bulama ya ce, "Mai Rijiya, daga ina wannan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, daga rijiyar ne, a gaba biyu. Ni na ɓoye, Sale umarnina ya bi." Wani ya ce a kore mu, wani ya ce abin da ya fi kora.

Liman, mutum mai sanyin hali, ya sa na kwatanta yadda na tarar da gawar. Da ya ji, ya ce wannan kwanciya ta mutanen da ce, tun kafin addini ya iso nan. Ya ce a nema wa ƙasusuwan wuri a binne da mutunci, don ɗan Adam ne, ruwan kuma yana can nesa a ƙasa, kankare ya raba su, ba abin da ya same shi. Sai Bulama ya sha kunu, ya ce, "Malam, ka faɗi naka. Amma mu ba za mu sha ruwan da ke ƙarƙashin kabarin wani arne da ba mu san shi ba. Gobe a mayar da ƙasa." Maza da yawa suka ce haka ne. Na dubi inda matan suke tsaye, na ga damuwa a fuskokinsu, don su ke tafiyar ɗibar ruwa.

Ana wannan sai ga Malam Bitrus a kan babur. Ma'aikacin sashen ruwa ne da ke zuwa auna zurfin sababbin rijiyoyi, Kirista ne daga tsaunukan Filato, ya shekara goma a Gumel, mutum mai son karatu, kullum da tsohuwar jarida a aljihu. Ya gaisa, ya ji abin da ake ciki, ya tsuguna ya daɗe yana kallon haƙoran. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in faɗi wani abu da na karanta. Akwai ƙwayar halitta a jikin kowa, ita ce take sa ɗa ya ɗauko hancin ubansa ko hasken uwarsa. Masana a ƙasashen waje sun fara ciro ta daga tsofaffin ƙasusuwa, musamman haƙori, su gwada da ta mutanen da ke raye. Da ita ake gane waɗanne mutane suka taso daga ina, suka auri su wa. Ban ce lallai za a samu a wannan ba, zafin ƙasarmu yana lalata ta. Amma da za a samu, ba mamaki a tarar jinin mai wannan haƙori yana yawo a jikin wasu da ke zaune a nan. Ba mamaki har da ni."

Da niyyar gyara ya faɗa, amma sai ya ƙara wa wutar itace. Bulama ya miƙe tsaye. Ya ce, "Malam Bitrus, kai baƙo ne, shi ya sa. Mu Mangawa ne. Kakanninmu daga gabas suka zo a kan dawakai, da sallarsu, suka tarar da daji. Ina iya lissafa maka iyayena bakwai. Ba mu haɗa komai da wannan ba."

Sai muka ji an ce daga baya, "Lissafa mini iyayenka mata uku."

Iya Hassu ce, tsohuwar da ke karɓar haihuwa a garin, ita ce kuma mai wankan gawar mata. Ta haura tamanin, tana dogara sanda. Maza suka buɗa mata hanya, ta zo ta zauna a ƙasa kusa da buhun. Bulama ya ce, "Iya, wannan maganar maza ce." Ta ce, "Ni na yanke maka cibiya, Bulama, ban ji ka ce maganar maza ce ba ranar. Na ce ka lissafa." Ya faɗi sunan mahaifiyarsa, ya faɗi na kakarsa, ya tsaya.

Ta sa hannu ta ɗauko duwatsun nan masu huda, ta jera su a tafinta. Ta ce, "Wannan jigida ce. Mace ce kuke ta ce wa arne." Ta ɗauki 'yar tukunyar ta shafa wuyanta da babban yatsa. Ta ce, "Wannan zanen da murɗaɗɗiyar igiya ake yin sa, a mirgina ta a kan ɗanyen yumɓu. Haka uwata ta koya mini, haka tata ta koya mata. Kun ce kakanninku sun zo a kan dawakai. Na yarda, sun zo. To, wa ya haifa musu ku, dawakan? Kakata ta gaya mini maza ne zalla suka iso, da yunwa da ƙishirwa, suka tarar da mutane a gindin tudun nan suna noman gero. Aka ba su ruwa, aka ba su wuri, daga baya aka ba su 'ya'ya mata. Ku maza kuna riƙe sunan wanda ya zo, mu mata muna riƙe labarin wadda aka tarar."

Malam Bitrus, da yake mutum ne mai gaskiya, ya ce a hankali zanen tukunya kaɗai ba ya tabbatar da dangantaka, don a garinsu ma tsofaffi suna yin irinsa. Iya ta ce, "To ka ga, ɗana, ashe har da kai ɗin." Mutane suka yi dariya ba shiri, har da wasu daga cikin masu cewa a rufe.

Bulama bai yi dariya ba. Ya ce ko ma wace ce, ba wanda ya san ta, ba mai ita. Iya ta ce, "In ba mai ita, ni ce mai ita." Ta aiki wata jikarta, matar aure, ta ce ta je ta buɗe mata akwatinta ta ɗauko ƙullin da ke can ƙasa. Aka kawo, ta kwance. Farin yadi ne sabo, likkafanin da ta tanada wa kanta shekara da shekaru. Liman ya ce, "Iya, wannan fa naki ne." Ta ce, "Ni ina da masu nema mini wani. Ita fa?"

Ta juyo gare ni ta ce, "Mai Rijiya, kai ka tashe ta daga barcinta, ka cusa ta a buhun sumunti. Je ka ɗebo mini ruwa a rijiyar taka." Na tafi da sauri, kunya kamar ta kashe ni, don sai a lokacin na ga abin da na yi da idon wani. Na kawo guga cike. Ta sa mata suka kewaye ta da zannuwa, ta goge ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe su da jigidar da 'yar tukunyar. Malam Bitrus ya roƙa a bar masa haƙori guda, ya ce zai nemi hanyar aika shi inda za a duba ko da bayan shekaru ne. Ta ce, "A'a, ɗana. Da su ta zo, da su za ta koma." Bai sake roƙo ba. Ni dai har yau ina jin da an bar masa, don ina son in san amsar.

Da ta gama, ta kamfaci sauran ruwan gugan da ƙoƙo, ta yi bismillah, ta sha a gaban kowa. Ni da Sale muka haƙa kabarin a kan tudu, muka zurfafa shi sosai. Bulama bai zo ba, amma bai sake cewa a mayar da ƙasa ba. Washegari mata suka fito da tulunansu. Maza suka yi kwanaki suna cika baki, sannan suka riƙa shan abin da aka zuba musu a randa ba tambaya. Bulama kaɗai ya tsaya a kan bakansa. Ya sayi jaki musamman, ana ɗebo masa ruwa daga wancan gari mai nisa, kuma ko hanyar rijiyar ba ya bi.

Ni kuwa aiki ya dawo mini, don labarin ruwan ya fi labarin buhun tafiya. Daga ranar na bar dokar Baba Ɗanjuma. In na tarar da mutum a ƙasa, sai in fito in faɗa, in nemi tsofaffin matan garin kafin in nemi mazan.

Bayan shekara biyu, ina aiki a kusa, aka ce mini Iya Hassu ta rasu da safe. Na ajiye dagi na tafi. Na iske mata sun fito da tuluna za su ɗebo ruwan wankan gawar, sai ga Bulama ya fito daga gida da sabon farin yadi a hammata. Ya miƙa wa jikarta, ya ce, "Ga wannan, madadin wanda ta ba kakarmu." Sannan ya karɓi guga daga hannun wata yarinya, ya nufi kwari. Muna tsaye muna kallo ya zura igiya gaba ashirin da shida, ya jawo da hannunsa, ya cika tulun farko. Da ya gama, gumi ya jiƙa masa riga, sai ya tara hannu a bakin gugan ya sha.